Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kiwon Kifi a Tsakar Gida da Rigimar Gansakuka a Biyafara ta Abijan

  

Yau nisa za mu yi, har Abijan ta ƙasar Kodibuwa, unguwar Biyafara da ke Treichville a bakin lagun. Kada wani dattijo ya zabura, ba Biyafarar yaƙin 1967 ba ce, unguwa ce da Hausawa suka daɗe a cikinta, kuma da yawanku kuna da ɗa ko ƙane a can, ko a Adjamé wajen tashoshin mota. Wani mai sauraronmu ne ya turo saƙon murya daga can, ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ya haɗa kuɗi da yayansa da ke kiwo a gida, yayan ya sayar da ɗan maraƙi ya aika masa, ya gina kwami na siminti a kusurwar tsakar gida, tsawo mita 2, faɗi mita ɗaya da rabi, zurfin ruwa mita 1. Ya zuba karfasa 150 da tarwaɗa 50. Wata uku komai lafiya lau. Ruwa ya yi kore, ya ƙara kore, har ya koma kamar miyar kuka. Ran nan da asuba ya fito alwala, ya tarar karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, kafin hantsi mafi yawansu sun juya ciki sama. Tarwaɗa kuwa ko a jikinsu. Tambayarsa biyu: shin wani ne ya zuba masa guba cikin dare, kuma me zai faɗa wa yayansa?

Tambaya ta biyu, ɗan'uwa, gaskiya za ka faɗa masa. Makiyayi ne, ya san asarar dabba. Ta farkon ce za mu zauna a kanta, don na sake kiransa mun yi doguwar magana, kuma a duk abin da ya faɗa mini ban ga hannun maƙwabci ba. Gubar waje ba ta zaɓe, da ita ce da tarwaɗa ma ta tafi. Kuma guba ba ta jiran asuba.

Kafin nan, me ya kai Bahaushen Abijan kiwon kifi? Duk wanda ya taɓa zuwa ya san garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, abincin da sunansa ma daga sunan mutanenmu ya fito, don 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. To wannan kifin teku ne. Amma ƙasar gaba ɗaya tana cin kifi fiye da wanda take kamawa, mafi yawa daga waje ake shigo da shi a daskare. Shi ya sa a 2022 gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin da ake kira PSTACI, da burin a kai tan 500,000 na kifin kiwo a shekara nan da 2030. Kasuwa dai akwai ta, ɗanyen tarwaɗa da karfasa ba sa kwantai. Kuma kwami ba ya cin fili, wanda a Treichville da Adjamé fili ya fi nama tsada. Tunanin nasa bai ɓaci ba. Ruwan ne bai karanta ba.

Gansakuka tsiro ce, ƙanana ƙwarai, wasu sai da madubin likita ake ganin ƙwaya ɗaya. Kamar kowane tsiro, abinci take so da hasken rana. Abincinta a kwami shi ne kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse. Masu bincike sun auna, a cikin sinadarin gina jiki da ke abincin kifi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne ke zama tsoka, sauran duk ruwa yake komawa. Kenan kullum ka watsa abinci, taki ka watsa. Ka tuna yadda ciyawa ke tashi a tsohon makwancin shanu da faɗuwar ruwan farko? Haka nan ne, sai dai a nan makwancin cikin ruwa yake, rana kuma tana dukansa tun safe.

Da rana gansakuka abokiyar arziki ce, tana fitar da iskar oksijin, wadda kifi ke shaƙa ta hancinsa na gefen kai. Da rana ta faɗi sai ta daina, ta koma ita ma tana shaƙar wannan iskar, ita da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da dattin ƙasa. Dare na yi iska na raguwa, ƙarshen raguwarta daidai asuba, kafin rana ta fito. Kuma ruwa ba ya riƙe iska da yawa. A zafin digiri 30, lita ɗaya in ta ƙoshi ba ta wuce miligiram 7 da rabi ba. Kwamin ɗan'uwan nan lita 3,000 yake ci, tano 15 kenan na lita 200. Ku buga lissafi, ku 'yan kasuwa kun fi ni: giram 22 da ɗoriya. Duk iskar da ke cikin kwamin nan ba ta fi nauyin babban goro ɗaya ba. A kanta kifi kilo 25 da gansakuka mai kauri za su kwana.

Sai ga abin da ya ƙarasa aikin. Yana da ɗan injin hura iska, irin mai fitar da kumfa a ruwa. Da rana yake kunnawa, da dare ya kashe, wai don kuɗin kuran da kuma ƙarar kada ta hana mutanen gida barci. Ka ji fa. Lokacin da ruwa ke cike da iska yana ƙara masa, lokacin da yake neman ta ruwa a jallo ya kashe. In dole sai an zaɓa, a kunna daga sha biyun dare zuwa fitowar rana, da rana a huta. Ga shi kuma kwana uku kafin abin ya faru gari a lumshe yake, hadari ba rana. Abijan ta gaji haka, musamman a Yuni da ruwa ya fi yawa, da Agusta da gari ke yini a rufe. In rana ta ɓuya kwanaki, gansakuka ba ta yin iskar kirki, wani lokaci ma ta mutu gaba ɗaya, ruwa ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa, ya fara wari. Mushenta na ruɓewa yana cinye sauran iskar.

Tarwaɗa me ya tsirar da ita? Tana da wata halitta a cikin kai, bayan hancin, mai kama da reshen bishiya, da ita take shaƙar iskar sarari. Shi ya sa kake ganin tana leƙowa ta koma, shi ya sa kuma take kaiwa kasuwa da rai a cikin baho da ɗan ruwa kaɗan. Karfasa ba ta da wannan. Ni a ganina wanda zai fara kiwo a tsakar gida, inda wuta ba ta da tabbas, da tarwaɗa ya kamata ya fara. Haɗa su biyu a ƙaramin kwami ma ba dabara ba ce, tarwaɗa in ta fi girma cin karfasa take, kai har 'yan'uwanta take ci, sai ana tace su ana raba manya da ƙanana.

To kada wani ya ji haka ya ɗauki gansakuka abokiyar gaba baki ɗaya. Koren ruwa mai sauƙi, kamar an ɗan jiƙa ganye, alheri ne ga karfasa, don tana tace shi ta ci, cikinta na da tsamin da ke narkar da shi. Masu manyan tafkunan ƙasa da gangan suke zuba kashin shanu ko na kaji don ruwa ya yi kore. Magana a kan yawa ce. Ma'auni kuwa yana jikinka. Ka zura hannu cikin ruwa da hantsi, tafin hannu na kallon sama. In kana ganin tafin har ruwa ya kusa gwiwar hannu, sannan ya ɓace, wato wajen santimita 30 zuwa 40, lafiya. In ya ɓace tun ruwa bai wuce taki ɗaya ba, ta yi kauri, a tashi tsaye. Masana na da wani faifai fari da suke saukarwa da igiya don wannan awon, wani malami ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara aiki da shi tun 1865. Marfin bokiti fari da igiya mai ƙulli-ƙulli zai yi maka aikinsa.

Sannan iri-iri ce. Akwai wadda ke narke cikin ruwa, ita muka gama faɗa. Akwai mai zare-zare da ke kama bango, in ka sa sanda ta fito kamar jiƙaƙƙen gashi. Wannan muninta ya fi sharrinta, a naɗe ta da sanda a fitar, sai dai tana sarƙe 'ya'yan kifi ƙanana. Ta ukun ita ce abar tsoro: wadda ke taruwa a saman ruwa kamar an zubar da fenti, kore mai ratsin shuɗi, in ka sa sanda ta fito kamar an shafa mata fenti, da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ku riƙe wannan, iyayena makiyaya, zan dawo kanta don ta fi shafarku.

Yanzu me ake yi? Abu na farko hannu ne, hannun mai zuba abinci. Na tambayi ɗan'uwan nan nawa yake bayarwa, ya ce gwangwanin tumatir babba sau uku a yini, ga kuma ragowar aceke daga rumfar garba da yaransa ke kawowa, wai kada a yi asara. Kifin da ya tasa, abincinsa a yini kamar kashi 3 cikin 100 na nauyinsa ne, ƙanana sun fi haka, manya ƙasa da haka. Kilo 25 na kifi, giram 750 ya ishe su, a raba biyu ko uku. Shi yana ba da ya fi ninki. Aceke kuma rogo ne, abin gina jiki kaɗan ne a cikinsa, nutsewa yake ya yi tsami a ƙasa. In ba ka da sikeli, ka watsa kaɗan-kaɗan kana tsaye, da ka ga sun rage wawaso cikin minti goma zuwa sha biyar ka tsaya. Ranar da gari ya lumshe ka rage rabi. Ranar da ka ga ba sa marmari, kada ka ba su ko ƙwaya. Kifi na yin kwana biyu ba ci bai mutu ba, amma awa biyu ba iska ya tafi. Kuma kada a ciyar da daddare, don kifin da ya ƙoshi ya fi jan iska.

Mai sayar da abinci ba zai ce maka ka rage ba, kasuwa yake. Haka mai sayar da 'ya'yan kifi, shi ne ya ce masa kwamin zai ɗauki 200. Shawarar da zan ba sabon shiga: a kwami irin wannan mai lita 3,000, tarwaɗa 100 ta isa a koyi aiki da ita, karfasa kuwa in ba injin iska mai kwana yana aiki, kada a wuce 20 zuwa 30. A nemi maza zalla, don sun fi saurin girma, matan kuma tun suna ƙanana suke fara ɗaukar ƙwai a baki, kafin ka ankara kwami ya cika da 'yan mitsi-mitsi da ba mai saye.

Sai inuwa. A rufe rabin kwami zuwa kashi biyu cikin uku, da zana, ko ganyen kwakwa, ko ragar inuwa ta masu lambu, a ɗaga ta sama yadda iska za ta ratsa. A nan ina roƙonku da babbar murya: kada a yi inuwa ko murfi da gidan sauro mai magani. Maganin da ke jikinsa dangin wanda kuke fesa wa shanu ne don kaska, irin su saifametirin da deltametirin, kuma ɗigo kaɗan na wannan ya ishi kashe kifin kwami ɗungurum. Bokitin da aka dama maganin kaska, ko jarkar maganin feshi da aka wanke ake ɗiban ruwa da ita, kada su kusanci kifi. Wanda ya fesa maganin sauro a ɗaki ya wanke hannu kafin ya taɓa abincinsu.

Canjin ruwa kuma da kaɗan-kaɗan ake yi. Mutane na jira sai ruwa ya ɓaci su zubar da shi duka, su goge bango da omo, su cika da sabo. Wannan girgiza kifi yake, omo kuma guba ne a gare shi. A riƙa fitar da kashi ɗaya cikin biyar duk kwana biyu ko uku, a kwamin nan lita 600 kenan, tano 3, ko jarka 30 ta lita 20, bido in ji mutanen Maraɗi. Kuma daga ƙasa za a zuƙo da tiyo, inda laka take, don can takin yake kwance. In kifi sun girma a ƙara yawan canjin. Wanda zai yi sabon gini ya karkatar da daɓen zuwa wajen bututun fita, zai gode wa kansa. Sabon siminti kuma yana fitar da kaifi mai ƙona fatar kifi, a cika shi da ruwa a zubar, a maimaita har mako biyu kafin a sa ko ɗaya.

Wane ruwa za a zuba? A Abijan ruwan famfo na kamfanin SODECI ne, kuma kamar kowane ruwan birni ana sa masa kulorin don lafiyar mutane. Kifi ba ya jure shi. A tara a buɗaɗɗen tano ya kwana ɗaya ko biyu, warin jabel ya fita, sannan a zuba. Kenan kullum a samu tano cike a ajiye, shi ne motar asibitinka ranar da abu ya ɓaci. Ruwan lagun kuwa, ko da yake ga shi nan a bakin ƙofa, a bar shi. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 ruwan teku ke shigowa lagun ɗin Ebrié, sashen da ke kewaye da Treichville yana da gishiri, ya ƙaru da rani, ya ragu in ruwan sama da na kogin Comoé sun sauko. Ga kwatocin birni duk can suke zuba. Akwai kifin da ya saba da wannan ruwan, wata karfasa mai baƙin haɓa da kifin da suke kira mashuwaro, amma tarwaɗar kiwo ruwan daɗi take so. Rijiyar da ke kusa da lagun ma a ɗanɗana ta tukuna.

Inda za a zubar da tsohon ruwan shi ma magana ce. Gidajen Biyafara na haya ne, tsakar gida ɗaya iyali da yawa. Ka saki lita 600 na ruwa mai ƙarni ya bi ta ƙofar ɗakin wata baiwar Allah, ranar za ka san ba gansakuka kaɗai ke da kaifi ba. A yi magana da mai gida tun kafin a sayi bulo, a ja bututu har kwata. Mai 'yan tukwanen yakuwa ko alayyafo ya ba su, taki ne mai kyau. Kuma a sa wa kwami murfin raga mai ƙarfi da makulli. Ruwa mai zurfin mita 1 a gidan da yara ke rarrafe ba abin wasa ba ne. Ragar za ta kuma tare tarwaɗa, don in ruwan Yuni ya cika kwami har baki, fita take ta kama hanya.

Wasu na sa kainuwa don ta sha takin ta yi inuwa. Tana yi, amma a killace ta a kusurwa da gora ko tiyo, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a riƙa rage ta. Wadda aka cire a shanya ta bushe, kada a jefa a kwata. Irin mai shuɗin fure ɗin nan asalinta Kudancin Amurka, ta mamaye lagun ɗin Abijan tun shekarun 1980, har tana tare wa jiragen fito hanya, mu ma mun ga aikinta a kogin Kwara.

A kantunan kayan noma za a nuna maka wani shuɗin gari da aka haɗa da jan ƙarfe, a jikin leda an rubuta sulfate de cuivre, a ce maganin gansakuka ne. Yana kashe ta, ba ƙarya. Amma tazarar da ke tsakanin awon da ke kashe gansakuka da wanda ke kashe kifi 'yar kaɗan ce, kuma tana canzawa da irin ruwan. Ko ka dace da awo, ka kashe ta duka rana ɗaya, to ka jawo da hannunka abin da ya faru da ɗan'uwanmu. Tumaki kuma ba sa jure jan ƙarfe, taruwa yake a hantarsu. Ni ban ba kowa shawarar sa shi a kwamin gida ba. Haka kafso da teramisin da muka saba ɗura wa dabba, ba sa maganin rashin iska, asarar kuɗi ce.

In ka fito da asuba ka ga kifi a sama suna haki, ga abin yi nan take. Kada ka ba da abinci. Kunna injin iska in akwai. In babu, ɗauki ƙwarya ko bokiti ka riƙa kamfatar ruwan kana zubo shi daga sama, ka sa yara su taya ka, kada a tsaya sai rana ta fito sosai. Zuƙe na ƙasa, ka zuba na tano da ya kwana. Tsame matattu. Sai an kwana biyu ka koma ciyarwa, da rabin abin da ka saba. Akwai kuma haɗarin la'asar da ba a cika sani ba: ruwa mai kauri da kore, in rana ta take, yana sa amoniya da ke fitowa daga jikin kifi ta ƙara dafi. In ka ga suna firgita ko sun ƙi ci da yamma, hancinsu ya yi ja, canjin ruwa ne maganin, kuma a nan tarwaɗa ma ba ta tsira ba. Kifin da ya zauna a irin wannan ruwan namansa kan yi warin laka, kafin a kai wa masu maki da gidajen abinci a ajiye shi kwanaki a ruwa mai tsabta ba ci.

To iyayena makiyaya, ga taku. Waccan mai kama da fenti, wasu irinta na fitar da dafi mai lalata hanta, wasu mai kama jijiya. Ba sabon abu ba ne, tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostareliya. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan wannan dafin da ke wuraren shan ruwa. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya? Lokacinta shi ne in tafki ya ja baya, zafi ya tsananta, ruwa ya tsaya cik, ga kashin dabbobi na gangarawa ciki. Iska na tura ta ta taru a gefe ɗaya, sau da yawa daidai inda dabba ke sa baki. In kun iso mashaya, Baffa, a tsayar da garke, mutum ɗaya ya je ya duba. In an ga fentin nan, ko mushen tsuntsaye da kifi a baki, a zagaya ɓangaren da iska ke fitowa, in da hali ma a haƙa ɗan rami nesa kaɗan da baki ruwa ya tsatso ta cikin yashi, ya fi shan na saman kai tsaye. In da wata mashaya, a wuce. Dabbar da ta sha za ka ga tana tangaɗi, miyau na zuba, numfashi da ƙyar, wata ta faɗi cikin awoyi. Wadda ta tsira, farar fatar jikinta kan ɗuri ruwa ta saɓule in rana ta doke ta, a kai ta inuwa a kira malamin dabbobi. Dafin ba shi da makari, kuma tafasa ruwan ba ya kashe shi, don haka ku ma kada ku sha, kada a dafa da shi.

Akwai ɗan gwaji mai sauƙi. A cika kwalba da ruwan, a ajiye a inuwa ba motsi ya kwana. In koren ya kwanta a ƙasa, galibi mai sauƙin ce. In ya taso ya yi zobe a sama, a yi zargin mai dafin. Ba awon asibiti ba ne, amma ya fi ido kawai. Ku kuma na Biyafara da Adjamé da ke ɗaure ragon layya a tsakar gida, ko ku da ke sauke shanu a kasuwar dabbobi, ruwan da aka zubar daga kwamin kifi ba na shayar da dabba ba ne, komai tsadar ruwan famfo.

Wanda ke Abijan yana son ya ji daga bakin masana, ba sai ya yi nisa ba, cibiyar binciken ruwa da kifi da ake kira CRO a Treichville ɗin take, tana kuma da tashar gwajin kiwon kifi a Layo kan hanyar Dabou. Masu bi ta Bouaké da kaya, can ma akwai tsohuwar tashar kiwon kifi ta cibiyar binciken noma CNRA. Kada a yi zaman kifin rijiya, a je a tambaya, a tafi da kwalbar ruwan kwamin a hannu.

Ɗan'uwanmu dai tarwaɗa 50 na nan da rai. Ya ce ya zuƙe laka, ya yi rumfar ganyen kwakwa, ya sallami aceke, injin kuma yanzu da dare yake kwana yana aiki, ya ɗora shi kan tsohon soso don ƙarar ta ragu. Na ce kada ya ƙara ko kifi ɗaya sai waɗannan sun isa sayarwa, ya ga abin da suka ci da abin da suka kawo a rubuce, ya aika wa yayansa lissafin. Ya yi alkawarin zai turo mana awon hannunsa duk Juma'a, in ya turo za ku ji. Mako mai zuwa kuma za mu duba farashin dusa da harawa a kasuwannin iyaka.